Daga fage zuwa akwati: yadda kamarori da yawa ke zama ido ɗaya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk shekara idan sanyi ya shigo, aka buɗe gasar kokowa ta cin takobi, sai ka ga kasuwa ta yi sanyi da la'asar a Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa, jama'a sun yi dafifi gaban akwatin talabijin, mai shago ya manta da ciniki, ma'aikaci ya rufe biro da wuri. Abin da kowa ke jira bai wuce ƙiftawar ido ba, wato lokacin da ƙato zai ɗaga ƙato ya kai shi ƙasa. In hoton ya nuna kayen sosai, sai a yi sowa a watse. In kuwa a daidai wannan lokaci hoton ya koma kan fuskar wani babba da ke zaune a rumfa, to gardama ta tashi ke nan, kuma ba za ta mutu ba har wata shekara.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan sa'a ce ko rashinta. Ba haka ba ne. Shirin da ake watsawa kai tsaye, tun kafin a kunna kamara ake cin nasararsa ko a faɗi. Ya kamata ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu su san yadda aikin yake, domin su ne ke biyan kuɗin talla, su ne ke shirya bukukuwa, kuma su ake gayyata su zauna gaban kamara.

Inda aka faro

Talabijin ya shigo Nijar ta ƙofar lakwal. A 1964 aka fara gwajin koyar da yara ta talabijin a Yamai tare da taimakon Faransa, ana shirya darussa a sitidiyo, yara suna kallo a cikin aji. A 1967 aka kafa ma'aikatar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, wadda ake kira RTN tun 2022. Sai a ƙarshen shekarun 1970 Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye domin jama'a baki ɗaya, aka kuma kai akwatuna na kallon gayya a ƙauyuka, waɗansu suna aiki da hasken rana. A maƙwabciyarmu Najeriya kuwa, Ibadan ta buɗe tasharta tun 1959, Kaduna ta bi a 1962, aka haɗa tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977.

Mutanen Madarunfa, da yake suna tsakanin Maraɗi da Jibiya, sun daɗe da zama masu kallon gida biyu. Tsofaffin ƴan kasuwar kayan lantarki ba su manta ba: a da Nijar tana watsawa da tsarin SECAM irin na Faransa, Najeriya da tsarin PAL, saboda haka akwatin da ke kama duka biyun da launi shi ne mai tsada, shi ne kuma mai fita. Idon da ya saba gwada aikin tasha biyu ba a yi masa rufa-rufa. Ko bai san sunan laifin ba, ya san an yi laifi.

Ita ma gasar takobi kusan sa'ar talabijin ɗin ce. A 1975 aka yi ta farko a Tawa, zamanin Seyni Kountché, kuma ɗan Maraɗi ne ya ci, wato Yacouba Ango da aka fi sani da Kantu, wanda fagen kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Yau jihohi 8 ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10, ƙarti 80 ke nan. Sunaye irin su Salma Ɗan Rani da Kadade da Langa-Langa da Balla Harouna, har zuwa Kadri Abdou, Issaka Issaka na Dosso, mafi yawan ƴan ƙasa a rediyo suka ji su, a akwati suka gan su, ba a fage ba.

Me ya sa kamara ɗaya ba ta isa?

Mai yin fim yana aiki da kamara ɗaya. Ya ɗauki wannan, ya tsaya, ya matsa, ya ce a sake, sa'an nan ya koma ɗaki ya yi makonni yana haɗawa. Mai watsa shiri kai tsaye ba ya da wannan dama. Ba za a ce wa ɗan kokowa ya tashi a sake kada shi ba don kamara ba ta gani ba. Dole a sa idanu da yawa a wurare daban-daban, duk suna kallo a lokaci ɗaya, a kuma sami mutum guda da zai riƙa zaɓen wanda za a nuna wa jama'a.

Hoton talabijin a ƙasashenmu hotuna 25 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kayen da bai wuce rabin daƙiƙa ba, hotuna 12 ko 13 ke nan. Wanda ya makara da danna maɓalli na rabin daƙiƙa ya rasa abin da aka taru dominsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Amurka, a 1951, mai ɗaukar hoto Karl Freund ya tsara yadda za a ɗauki wasan barkwanci na I Love Lucy da kamarori 3 a gaban ƴan kallo, tsarin da ya zama abin koyi. A ranar 7 ga Disamba 1963 kuma, a tashar CBS, Tony Verna ya fara maimaita wa masu kallo abin da ya faru nan take a wasan ƙwallo tsakanin makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa. Wannan maimaicin shi ne yau ke raba gardama a rumfunan kallo.

Kowace kamara da aikinta

Bari mu ɗauki misalin fage da kamarori 5. Ta farko ana ɗora ta a sama, a tsakiyar rumfa, tana ganin da'irar fagen duka, da buhunan rairayin da suka kewaye shi, da alƙali. Ita ce uwa. Ba ta yawo, ba ta neman abin mamaki, kuma duk lokacin da abu ya rikice, gare ta ake komawa. Ta biyu tana kusa da ita, amma tana jawo ƴan kokowar biyu tun daga kai har ƙafa. A kokowa ba a yanke ƙafa a hoto, domin a ƙafa da gwiwa da hannu ake gane kaye. Ta uku tana kafaɗar mai ɗauka a bakin fage, ƙasa-ƙasa, tana kama gumi da layu da rairayin da ke tashi. Ta huɗu ta makaɗa ce da maroƙa da ƴan kallo da manyan baƙi. Ta biyar ana kai ta ɗaya gefen fagen, amma ba a shiga da ita sai wurin maimaici.

Ga dalilin haka. Akwai wata doka da masu wannan sana'a ke kira dokar digiri 180. A ɗauka an ja layi tsakanin ƴan kokowar biyu. Manyan kamarori duk su tsaya a gefe ɗaya na layin. In an yi haka, ɗan Maraɗi da ke hagu zai zauna a hagu, ɗan Damagaram da ke dama zai zauna a dama, ko an canja kamara sau goma. In aka tsallake layin ba da sanarwa ba, sai na hagu ya koma dama a ƙiftawar ido, mai kallo ya rasa wa ke tura wa. Dokar ɗaya ce a ƙwallon ƙafa, shi ya sa ba ka taɓa ganin raga ta canja wuri ana tsakiyar wasa ba.

Sai maganar rana. Kokowa da la'asar take yin zafi, lokacin da rana ta karkata yamma. Kamarar da ta fuskanci yamma baƙin inuwa kawai za ta ɗauka, musamman idan hazon hunturu ya tashi. Don haka wurin da ya dace da manyan kamarori shi ne inda rana za ta kasance a bayansu. Wannan shawara ce da ya kamata a yanke tun ana kafa rumfuna, ba ranar da baƙi suka zauna ba.

Ɗakin da ba a gani

Duk wayoyin kamarorin nan wuri ɗaya suke ƙarewa, wato ɗakin sarrafawa, wanda ma'aikatan gidan ke kira rezi. In a wajen sitidiyo ake aikin, rezi ɗin cikin wata babbar mota yake, a ajiye bayan fage. A ciki akwai jerin alluna, kowane yana nuna abin da kamara ɗaya ke gani, da manya guda biyu: ɗaya na hoton da ke kan iska, ɗaya na wanda zai bi masa.

Mai gudanar da shiri, realizatar, shi ne direban wannan mota. Yana magana da kowane mai kamara ta abin sawa a kunne. Umurninsa gajere ne kuma kashi biyu: ya ce ta biyu ta shirya, sa'an nan ya ce a shiga ta biyu. Na kusa da shi ya danna maɓalli, jar fitila ta kama a kan kamarar, mai riƙe da ita ya san duk ƙasa na kallo ta idonsa, ba halin motsi na banza. Akwai mai lura da sauti, wanda zai daidaita gangar makaɗa da sowar jama'a da muryar mai sharhi don kada ɗaya ta danne ɗaya. Akwai mai lura da launi, wanda tun da rana ya sa duk kamarorin sun kalli farar takarda guda an daidaita su, in ba haka ba rairayin fage zai zama ja a wannan kamara, fari a waccan. Akwai mai maimaici, akwai mai rubuta sunaye a ƙasan hoto, akwai mai riƙe da agogo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinka ba ta ɗaukuwa in kowa na ba da umurni. A rezi baki ɗaya ke magana. Babban abin da ke lalata shiri shi ne wani mai muƙami ya leƙo ya ce a nuna wane. Realizatar na ƙwarai ya san girman manya, ya kuma san lokacinsu: kafin a kama, ko bayan an yi kaye an maimaita. Muddin ƴan kokowa sun riƙe juna, hoto ba ya barin fage.

A cikin sitidiyo

A sitidiyo, inda ake labarai da muhawara, aikin ya fi natsuwa amma dokokin ba su canja ba. Kamarori 3 sun isa hira. Ta tsakiya tana ɗaukar kowa da kowa. Ta hagu tana ɗaukar wanda ke zaune a dama, ta dama tana ɗaukar na hagu, suna giciye, domin a ga fuskar mutum da idanunsa biyu, ba gefen kunnensa ba. Kowane mai magana ana ba shi fitilu 3: babba daga gaba, ƙarama da ke rage inuwa, da ta baya da ke raba shi da bango.

Ginshiƙin aikin duka wata takarda ce da ake kira kondiktar, wato jadawalin shiri. A cikinta an rubuta kowane abu da lokacin farawarsa da tsawonsa, har daƙiƙa: kiɗan buɗewa daƙiƙa 20, gaisuwar mai gabatarwa daƙiƙa 40, rahoton da aka riga aka ɗauka minti 2 da daƙiƙa 15, hira minti 8, talla minti 1 da rabi. An rubuta kamarar da za ta fara, da makirufon da za a buɗe, da sunan da za a rubuta a ƙasa. Kowa na riƙe da kwafi. In baƙo ya zarce da minti 2, ba a iya roƙon agogo ya jira, sai an yanke minti 2 daga wani wuri, kuma mai kula da lokaci ya riga ya san wurin.

A gaban kamara akwai mai tsaron filato, wanda ba ya magana sai da hannu. Yatsu biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya, sai ya nuna mai gabatarwa. In ya juya yatsa, a gaggauta. In ya ja hannu kamar mai jan danƙo, a ƙara tsawo. Kafin duk wannan an yi gwaji, an sa ma'aikata sun zauna a kujerun baƙi, an auna haske da sauti, an bi jadawalin daga farko har ƙarshe. Irin wannan horo shi ne abin da makarantar IFTIC ta Yamai ta koya wa ma'aikata da yawa na tashoshin gwamnati da masu zaman kansu, waɗanda suka yawaita tun da Ténéré ta buɗe talabijin a 2000.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shirin waje ya fi na sitidiyo wuya, domin babu abin da ke jiran mutum a can. Kwanaki kafin ranar, sai an je an duba wurin. Ina za a ajiye mota? Waya mita nawa za a ja, kuma ta ina za ta bi da jama'a da dawaki ba za su taka ta ba? Ina rana za ta faɗi? Ina za a sami wuta, kuma ina za a ajiye gurup don kada ƙararsa ta shiga makirufo? Ta wace hanya hoton zai isa tasha, tauraron ɗan Adam ko wayar gilashi ko intanet, kuma in wannan ta yanke wace ce ta biyu? Me za a sa wa masu kallo in komai ya tsaya? Mai shiri na ƙwarai yana ajiye wani abin da aka riga aka ɗauka, a shirye, ko da ba zai taɓa bukatarsa ba. Rigakafi ya fi magani.

Nan ne aikin ma'aikacin gwamnati ya shigo. Kwamitin shirya biki, a perefektir ne ko a ma'aikatar magajin gari, yakan yi taro bayan taro kan kujeru da abinci da jerin jawabai, sai ana gobe biki a tuna da masu kamara. Ranar kuwa sai a tarar an kafa rumfar manya a inda kamara ta farko ya kamata ta tsaya, an juya mumbari ya ba rana baya, lasifika na kuka. Washegari a ce talabijin ba ta yi aiki ba. Magani ba ya cin ko dala: a kira mai gudanar da shirin tun taron farko, a ba shi jerin abubuwan da za a yi da sunayen masu jawabi a rubuce daidai, a keɓe wa kamarori wuri da igiya, kuma in an ce ƙarfe 4 a fara ƙarfe 4, domin lokacin iska ba ya jiran ayarin motoci.

Ɗan kasuwa ma yana da nasa rabon. Ƙyallen tallan da aka rataya a gefen da manyan kamarori suke, bayan masu ɗauka yake, mutanen fage za su gan shi, amma na gida ba za su gan shi ba ko sau ɗaya. Wurin da ya cancanci kuɗi shi ne gefen da ke fuskantar kamara ta farko da ta biyu, ƙasa-ƙasa, da manyan baƙaƙe kaɗan waɗanda ake iya karantawa daga nesa. Kafin ka biya, tambayi inda kamarori za su tsaya. Tallan da za a sa a tsakiyar shiri kuma, a kai shi da wuri ya shiga jadawali, a rubuta tsawonsa da yawan fitowarsa a takardar yarjejeniya. Wanda ya kawo nasa ana saura minti 10, in bai fito ba, kada ya zargi kowa.

Wanda aka gayyata hira kuwa, ya zo da awa ɗaya kafin lokaci. Farar shadda mai ƙyalli tana maida haske, sai kamara ta rage buɗewa fuska ta yi duhu. Tufa mai ƙananan zane-zane kusa da juna tana rawa a hoto. Shuɗi mai haske ko ruwan ƙasa sun fi. A kashe salula, a dubi mai tambaya, a bar neman jar fitila, a kuma faɗi muhimmiyar magana tun farko, domin ba a san lokacin da yatsa zai juya ba.

Kayan sun yi araha, dokar tana nan

Abin da a da sai babbar mota ke yi, yau matasa a Maraɗi da kewaye suna kwatanta shi a bikin aure da naɗin sarauta da kokowar share fage ta ƙauyuka. Da salula biyu ko uku, da kwamfuta mai ɗauke da manhajar OBS wadda kyauta ce, ko ɗan akwatin ATEM Mini mai ƙofofin kamara 4 da ya fito a 2019, ana iya watsa biki kai tsaye a Facebook, ɗan Madarunfa da ke Kwatano ko Legas ko Agadas ya kalla daga inda yake. Wannan sana'a ce mai ci, kuma ta cancanci jari daga masu hali.

Sai dai arahar kaya ba ta kawo iyawa. Yaron da ya jera salula uku suna kallon abu ɗaya daga wuri ɗaya, kamara ɗaya gare shi. Wanda ya bar sautin ga makirufon salula a cikin iska da kiɗa, jama'a za su gudu ko da hoton ya yi kyau, domin mai kallo ya fi haƙuri da hoto mai hazo bisa sauti mai ƙara. Wanda bai gwada ƙarfin rezo a wurin ba, a irin lokacin da jama'a suka cika kowa na kira, zai ga hoton ya daskare a daidai lokacin da ake naɗa rawani. Takarda ɗaya mai jadawali, kamara ɗaya da ba ta motsi, waya ɗaya daga na'urar lasifika zuwa kwamfuta, batir na biyu, da mutum ɗaya mai ba da umurni: waɗannan sun fi sabuwar kamara amfani.

Akwai kuma amana a cikin aikin. Mutum dubu nawa fage zai ɗauka? Sauran ƴan ƙasa duk da idon realizatar suke gani. Abin da ya nuna shi ya faru, abin da ya bari kamar ba a yi ba. In a muhawara ya riƙa nuna ɗan wannan jam'iyya yana magana, ya nuna na waccan yana hamma, ya yi siyasa ba tare da ya buɗe baki ba. In a kokowa ya maimaita kaye daga gefen da ke ɓoye gwiwar ɗan jiharsu, ya yi shaidar zur da hoto. Shi ya sa ya kamata masu biki da masu talla da masu mulki su ba shi wuri da lokaci da kayan aiki, sa'an nan su fita daga rezi su bar shi da aikinsa. Mu kuma masu kallo, tun da mun san yadda ake yi, muna da damar tambayarsa abin da ya nuna da abin da ya ƙi nunawa.